Rijiyoyin Maƙwabta Sun Soma Warin Mai: Yashe Su Zai Wadatar?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ni ne ke kula da sito da harkar mai a wata masana'anta da ke Kakuri, a nan Kaduna. Muna da tankuna biyu binne a ƙasa, ɗaya na gas don janareta, ɗaya na fetur don motocin kamfani, kuma dukansu sun girmi yawancin ma'aikatanmu. Tun da daminar bana ta kankama, gidaje biyu da ke bayan katangarmu suka kawo kuka cewa rijiyoyinsu na warin mai, har ana ganin maiƙo a saman guga. Wani ɗan kwangila ya ce zai kawo famfo ya yashe rijiyoyin na tsawon mako biyu, ya zuba alam da maganin ruwa, sannan ya haƙa musu burtsatse mai zurfi, shi ke nan. Maigidanmu ya ce in nemi shawara kafin a biya. Shin wannan ya isa? In bai isa ba, daga ina za mu fara, kuma yaushe za a ce ruwan ya koma na sha?

Amsa: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Abin da ɗan kwangilar ya kawo muku bai isa ba, kuma burtsatsen da ya yi alkawari, in aka haƙa shi yadda aka saba haƙawa a unguwanni, yana iya ƙara dagula lamarin. Amma kafin maganar kwangila akwai abin da bai kamata ya kwana ba. Mutanen gidajen nan su daina sha da girki da wanka da ruwan rijiyoyin daga yau, kamfaninku kuma ya ɗauki nauyin kai musu ruwa mai tsabta har a gano gaskiyar al'amari. Tafasawa ba ta mayar da irin wannan ruwa na sha, illa ma ta tayar da tururin man cikin ɗakin girki a shaƙa. Alam yana kwantar da laka ne, maganin ruwa kuma yana kashe ƙwayoyin cuta, babu ɗayansu da ke cire fetur ɗin da ya narke. Kada kuma a bar kowa ya shiga rijiyar da sunan yasa, domin tururin mai ya fi iska nauyi, yana taruwa a ƙasan rami ya kore iskar numfashi, kuma ashana ɗaya ko tartsatsin famfo ya isa ya tayar da gobara. A rufe bakin rijiyar, a hana yara zuwa kusa.

Dalilin da ya sa yasa ba za ta yi magani ba yana cikin yadda mai ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa. Idan tanki ko bututunsa ya ɓule, man yakan tsiyaya cikin ƙasa a hankali har ya isa inda ruwa yake, kuma tunda fetur da gas duk ba su kai ruwa nauyi ba, sai su bazu a samansa. A hanyarsa ta sauka, wani kaso mai yawa yakan maƙale a tsakanin ƙwayoyin ƙasa, ya zauna nan shekara da shekaru. Garin Kaduna a kan tsohon dutse yake zaune: daga sama akwai jar ƙasa da marmara, ƙarƙashinsu ruɓaɓɓen dutse mai gauraye da laka da yashi wanda rijiyoyin gidaje ke samun ruwa a cikinsa, can ƙasa kuma dutse mai ƙarfi wanda ruwansa ke cikin tsaguna kawai. Matakin ruwan rijiya a nan yakan sauka sosai daga Nuwamba zuwa Afrilu, ya kuma hau da mita da dama idan ruwan sama ya zauna. Duk hawa da sauka ɗaya, man da ke yawo a saman ruwan yana shafe ƙasar da ya ratsa, ta yadda bayan wasu shekaru za a sami wani yanki mai kauri na ƙasar da ta jiƙe da mai. Shi ya sa warin ya bayyana da damina: ruwa ya hau ya tarar da wannan yankin, ya ɗebo abin da ke cikinsa. Kamar soson wanke-wanke ne da ya sha man gyaɗa, ko sau nawa ka sauya ruwan kwano, muddin soson na ciki maiƙo zai dawo. Famfon ɗan kwangilar zai sauya ruwan kwano ne kawai. Ƙari a kan haka, janye ruwa da ƙarfi daga rijiyar maƙwabta yana saukar da matakin ruwa a wurin, sai man da ke ƙarƙashin filinku ya gangaro zuwa gidajensu da sauri fiye da da.

Abin da ya fi ba mu tsoro a fetur shi ne sinadarin benzin, tare da 'yan uwansa toluwin da etilbenzin da zailin. Benzin ya fi su narkewa a ruwa, ya fi su yin nisa, kuma an tabbatar yana haddasa sankarar jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a ruwan sha maikirogiram 10 a kowace lita, Amurka ma ta tsaya a 5. Ma'anar wannan adadi ita ce giram ɗaya na benzin ya isa ya kai lita 100,000 na ruwa bakin iyaka. Idan fetur na ɗauke da benzin kashi 1 cikin 100, lita ɗaya tana da fiye da giram 8, wato ta isa ta ɓata ruwan da zai cika tankar mai lita 33,000 fiye da ashirin. Gas ba shi da benzin mai yawa kamar fetur, amma yana da sinadarai masu nauyi irin su naftalin, waɗanda ke manne wa ƙasa su daɗe. Saboda haka yana da muhimmanci a san wanne ne daga cikin tankunanku ke yoyo, domin hanyar gyaran ta bambanta. Hanci kuma ba ma'auni ba ne. Wari yana nuna cewa akwai matsala, amma rashin wari ba ya wanke ruwa, domin benzin na iya ninka iyakar da aka sa ba tare da mai sha ya ji komai ba.

Misalin da kowa a wannan sana'a ya sani a Najeriya shi ne rahoton da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar kan ƙasar Ogoni a watan Agustan 2011. A Nisisioken Ogale an sami benzin a ruwan rijiyoyin sha da ya ninka iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya fiye da sau 900, an kuma tarar da tataccen mai mai kaurin santimita 8 yana yawo a saman ruwan ƙarƙashin ƙasa kusa da wani bututu. Rahoton ya ƙiyasta cewa gyaran yankin zai ɗauki shekara 25 zuwa 30. Filinku bai kama ƙafar wancan ba, amma yadda man ke tafiya iri ɗaya ne.

Aikin farko shi ne tsayar da yoyon. Tunda kai ne mai riƙe da littafin sito, ka fi kowa damar gano shi. Ka ɗauko lissafin abin da aka sauke a kowane tanki, abin da aka ɗiba, da abin da sandar awo ke nunawa, ka bi su wata-wata na tsawon shekara biyu ko uku. Gibin da ake dangantawa da tururi ko kuskuren awo, idan kullum ɓangare ɗaya yake karkata, yoyo ne. Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa yana kaiwa kusan lita 1,500 a shekara, kuma babu wanda zai lura da shi a awon yau da gobe. Ruwa a gindin tanki, wanda man shafawar da ake sa wa sandar awo ke nunawa, shi ma alama ce cewa akwai kafa. Bayan haka a kwashe man, a kira masu gwajin matsi su gwada tanki da bututu kowanne daban, domin sau da yawa a mahaɗar bututu ko bakin da tanka ke saukewa ake samun ɓarnar. Tsohon tankin ƙarfe mai bango ɗaya da ya shekara talatin a jar ƙasa mai danshi, ni ba na ba da shawarar a yi masa faci. A tone shi, a sa sabo a sarari bisa daɓen siminti mai katangar da za ta tare abin da ya zube.

Ban da haka, adalci ya sa a duba ko akwai wani tushen. A unguwannin masana'antu akwai garejin makanikai da ke zubar da baƙin mai, akwai masu ajiye fetur a duro, akwai tsofaffin tankunan kamfanonin da suka daɗe da rufewa. Ɗakin gwaji mai na'urar rarrabe sinadarai yana iya bambanta fetur da gas da kananzir da baƙin mai, ya kuma nuna ko man sabo ne ko ya daɗe a ƙasa. Wannan gwajin na iya wanke ku, yana iya kuma tabbatar da cewa naku ne. Ko wanne ya fito, kada ku ɓoye. Dokar da ta kafa NOSDRA, hukumar tarayya mai sa ido kan malalar mai, a 2006 ta wajabta a kai rahoton malalar mai cikin awa 24, hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa, ita ke kula da lasisin ajiyar mai, a matakin jiha kuma akwai KEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Kaduna. Kamfanin da ya kai kansa da takardun bincikensa a hannu ya fi samun sauƙi a kan wanda maƙwabta suka kai ƙara.

Sai auna girman ɓarnar, kuma nan ne ya kamata kuɗinku na farko ya tafi. Ana haƙa ƙananan rijiyoyin sa ido, masu bututun roba mai faɗin inci biyu ko huɗu, waɗanda ba a shan ruwansu, aikinsu kawai su nuna abin da ke ƙasa. Mafi ƙarancin adadi uku ne, a jere su kamar duwatsun murhu ba a layi ɗaya ba, domin da maki uku ne ake gane inda ruwan ƙasa ya nufa. Mai safiyo zai auna tsayin bakin kowace rijiya, a auna zurfin ruwa a cikinsu rana ɗaya, bambancin ya nuna gangaren. A zahiri uku ba sa isa fili irin naku: ana buƙatar ɗaya a sama da tankunan inda ake sa ran ruwa mai tsabta, domin a sami abin kwatance, biyu ko uku a kewayen tankunan, wasu a bakin katanga ta ɓangaren gidajen, ɗaya kuma gaba da gidajen don a ga inda gurɓatar ta ƙare. Kada a ɗauka cewa ruwan ƙasa dole ya bi gangaren titi zuwa Kogin Kaduna. Galibi haka ne, amma burtsatsen wata masana'anta da ke jan ruwa dare da rana na iya karkatar da shi, haka ma ramin bututun ruwa ko na kwata da aka cike da yashi yakan zama hanyar da mai ke bi.

Akwai kuskure ɗaya da masu haƙar burtsatse na gama-gari ke yi a nan, domin sun saba neman ruwa ne, ba neman mai ba. Sukan sa ɓangaren bututu mai ramuka can ƙasa da saman ruwa. Man da ke yawo a sama ba zai taɓa shiga irin wannan rijiya ba, sai a kawo muku sakamako mai kyau alhali man na nan. Dole ramukan su ratsa saman ruwan, su rufe daga matakin da yake sauka a ƙarshen rani har zuwa inda yake hawa a watan Satumba. A zuba tsakuwa mai tsabta a kewayensu, a toshe sama da laka mai kumbura da siminti don kada ruwan kwata ya bi jikin bututun, a sa murfi mai kwaɗo. Yayin haƙa kuma a riƙa ɗibar ƙasa mita-mita ana gwada tururinta, domin wannan ne zai nuna kaurin yankin da ya sha mai. Abin lura kuma: kaurin man da aka gani a cikin rijiyar sa ido yakan fi ainihin abin da ke cikin ƙasa, yana kuma ƙaruwa da rani ya ragu da damina ko da ba a cire ko lita ɗaya ba. Duk wanda ya nuna muku raguwar da aka samu a watan Agusta a matsayin shaidar aikinsa, ku ce ya dawo a watan Maris.

Ɗibar ruwan gwaji ma tana da ƙa'ida, domin benzin yana tserewa cikin iska da zarar an girgiza ruwa. Ana fara fitar da ruwan da ya kwana a cikin bututu a hankali, sannan a cika ƙaramar kwalbar gilashi mai mililita 40 har baki ba tare da ko kumfa ɗaya ba, a sa ta cikin ƙanƙara, a kai ɗakin gwaji cikin kwanakin da ba su wuce 14 ba in an ɗiga mata asid, ƙasa da haka in ba a ɗiga ba. Ruwan da aka zuba a gorar roba aka ajiye a bayan mota cikin rana ba shi da amfani. Ku nemi a auna benzin da 'yan uwansa ɗaya-ɗaya, da jimillar man da ke ruwan, ku kuma tambayi ɗakin gwajin ƙaramin adadin da na'urarsu ke iya ganowa. Idan ba ta ganin abin da ya yi ƙasa da maikirogiram 50, to kalmar "ba a samu ba" a takardarsu ba ta ce komai game da ruwan sha ba. Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Mando da sashen ilimin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya wurare ne da za ku iya neman masana ruwan ƙarƙashin ƙasa da suka san dutsen wannan yanki.

Game da burtsatse mai zurfi, haɗarinsa shi ne zai huda yankin da ya gurɓata ya shiga tsagunan dutse. Idan ba a toshe tsakanin bututu da bangon rami da siminti tun daga sama har cikin dutse mai ƙarfi ba, ramin da kansa zai zama hanyar da gurɓataccen ruwa ke gangarawa ƙasa, kuma man da ya shiga tsagun dutse fitar da shi ya ninka wahala da tsada. In dole sai an haƙa, a jira taswirar ruwan ta fito, a haƙa can sama da tankunan nesa da gurɓatar, a ja bututu zuwa gidajen.

Shi kansa gyaran yakan tafi mataki-mataki. Idan an cire tankin, a kwashe ƙasar da ta jiƙe da mai gwargwadon yadda gini ya bari, a shimfiɗa ta bisa leda mai kauri a wuri mai katanga, a gauraya da taki, a riƙa juyawa ana yayyafa ruwa. Ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa suna cin mai in sun sami iska da danshi, kuma zafinmu na taimaka musu. A ganina, a filaye masu ruwa kusa kamar naku, wannan haƙa da kwashewa ta fi kowace na'ura biyan kuɗinta. Man da ke yawo a saman ruwa kuma a riƙa yaɗe shi da ƙaramin famfo ko bututun ɗiba, an fi samunsa da rani. Bayan nan ne ake zaɓar na'ura. In fetur ne, zuƙe tururi daga cikin ƙasa tare da hura iska cikin ruwa yana aiki sosai inda akwai yashi, amma a laka iskar ba ta ratsawa, don haka sai an yi gwaji a ƙaramin wuri kafin a sayi kaya. Gas ba ya tashi tururi sosai, shi ya fi son a ba ƙwayoyin halitta iska su cinye shi a hankali. Janye ruwa a tace shi, ta hanyar raba mai da ruwa sannan a bi da shi cikin gawayin tacewa na musamman, yana da amfani wajen tare gurɓatar a bakin katanga don kada ta ci gaba zuwa gidaje, amma a matsayin hanyar tsabtacewa kaɗai yana cin shekaru da man janareta. Akan yi wa ƙasa allurar sinadarai masu ƙone mai, irin su haidurojin feroksaid, sai dai ba aikin da za a ba wanda bai taɓa yi ba, domin suna haifar da zafi da iskar gas kusa da gini. Zuba omo ko sabulun ruwa a rami kuwa narkar da man yake yi ya ƙara bazuwa.

Ƙasa tana gyara kanta, amma da sharaɗi. Binciken da aka yi a ɗaruruwan gidajen mai a Amurka ya nuna cewa narkakken benzin galibi ba ya wuce mita 100 daga tushensa, saboda ƙwayoyin halitta na cinye shi a gefuna. A gefe guda, a Bemidji ta jihar Minnesota, inda bututun ɗanyen mai ya fashe a 1979, masana sun shafe shekaru fiye da arba'in suna bibiya, kuma har yanzu akwai mai a ƙasa, duk da cewa narkakken ɓangaren bai yi nisa ba. Wato gefuna na warkewa, tushe kuwa yana daɗewa in ba a cire shi ba. Ana gane cewa cin na gudana idan iskar oksijin da naitiret da salfet sun ragu a tsakiyar gurɓatar, narkakken ƙarfe kuma ya ƙaru, shi ya sa ake auna su tare da man. Dogaro da wannan hanya ya halatta ne kawai bayan an tsayar da yoyo, an cire abin da ke ciruwa, kuma babu mai shan ruwan. A tsagun dutse ma lissafin mita 100 ɗin ba ya aiki.

Tambayarka ta ƙarshe ita ce yaushe ruwan zai koma na sha. Ƙa'idojin muhalli na masana'antar mai a Najeriya, waɗanda aka fi sani da EGASPIN, sun sa maikirogiram 600 na mai a lita a matsayin matakin da ke wajabta gyara a ruwan ƙasa, 50 kuma a matsayin abin da ake son a kai. Sauka ƙasa da 600 bai sa rijiya ta zama ta sha ba. Don sha, ma'aunin benzin na maikirogiram 10 ne za a bi. Kuma sakamako ɗaya ba ya yanke hukunci, domin idan aka kashe na'urori adadin yakan sake hawa bayan wasu watanni, lokacin da man da ya maƙale a laka ya sake narkowa. Shawarata ita ce a auna duk bayan wata uku, a kashe na'urorin, a ci gaba da aunawa har a ratsa aƙalla damina biyu da rani biyu ana samun sakamako mai kyau a rijiyoyin gidajen da na bakin katanga. A yarjejeniyar da za ku yi da duk wanda zai karɓi aikin, ku raba bincike da gyara, ku sa ɗibar ruwan gwaji a hannun wani daban da ba shi ke gyaran ba, a ba masu gidajen kwafin kowane sakamako, kuma kason ƙarshe na kuɗin ya dogara da awon da za a yi bayan an kashe famfo.